Raken da Uwaisu Ya Bar wa Yayansa

Duk wanda ya ci kasuwar Maƙarfi kafin mulkin kai ya san mazarƙwailar Maiwada, ko da bai san fuskarsa ba. Ni ne dillalin da yake ba wa ita in sayar, saboda haka kada wani ya zo ya ce ya fi ni sanin labarin nan. Mazarƙwaila ce wadda in ka ɗora dunƙule ɗaya a kan tabarma, ƙudajen Ikara sai su samu labari su taso tun da hantsi. Na taɓa ganin wata tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya ta saya, ta ce ajiyewa za ta yi ta riƙa kallo.

Shi Maiwada dogo ne siriri, kamar a fadamarsa aka saro shi. Magana kuwa tana yi masa wuya kamar ana cire masa haƙori. In ka gaishe shi da safe, ka je ka yi sallar azahar ka dawo, lokacin zai ce maka lafiya lau. Ƙauyensu yana bayan Gubuci. Yana da injin matse rake irin wanda doki ke juyawa, kuma dokin nan ya saba da zagaye har ta kai in ya hau shi zuwa Juma'a, sai sun kewaya masallaci kafin ya yarda ya tsaya.

To, ga abin da baƙo bai sani ba. Rake ba shi da ƙwayar da za ka zuba a rumbu ka manta da ita. Gaɓarsa ake binnewa, idon da ke jikinta ya tsiro. In ka yi shekara ɗaya ba ka dasa ba, irinka ya tafi ke nan. Shi ya sa a wajenmu ba a hana irin rake. Ko mutumin da kuka yi shari'a da shi jiya ne ya yi maka sallama yau ya ce nasa ya mutu, za ka ɗauki adda ka sare masa, ka ci gaba da fushinka daga baya. A nan kuwa ba wanda ya kama ƙafar Maiwada. Ka ce masa ɗauri ɗaya, sai ya loda wa jakinka har jakin ya yi zaman dirshan.

Fadamarsa tana jikin ta Ahmadu, kunya ɗaya ce ta raba su. Rana ɗaya aka yi musu kaciya, a kasko ɗaya suke dafa ruwan rake. Ahmadu shi ke yin surutun mutum biyu, nasa da na Maiwada. In aka tambayi Maiwada abu a kasuwa, Ahmadu ne ke amsawa, shi kuma ya gyaɗa kai.

Sai Uwaisu, ƙanen Maiwada, autan gidansu. Ubansu ya rasu yana goye, Maiwada ya raine shi. Shekarar da aka ce kowane ƙauye ya ba da yaro a kai makarantar boko, kowa ya ɓoye nasa a cikin dawa, Uwaisu ne kaɗai ya fito da kansa yana tambaya ko ana ba da abinci. Daga nan sai Zariya, daga Zariya sai wani gidan binciken noma can wajen gari, inda aka ba shi farar riga har gwiwa kamar mai shirin yanka sa. In ya zo hutu a kan kekensa, Bilki matar Maiwada ba ta barinsa ya sauka lafiya. Kun san wasan matar yaya da ƙanen miji.

"Oyoyo likitan ciyawa! Yau wace ciyawar ce ba ta da lafiya?"

"Ke ce, Yaya Bilki. Miyarki na zo aunawa, an ce ta kashe akuya."

"Ka ci gidanku! Sauko ka sha fura, ɗan banza, ka rame kamar tsinken tsire."

Ana nan sai ciwo ya shigo wa rake. Kana ganin rakenka ya yi kyau, sai wani baƙin abu ya fito daga tsakar kansa, dogo, a lanƙwashe. Muka sa masa suna baƙar bulala. In ka taɓa sai baƙin gari ya tashi. Raken da ya kamu ba ya kauri, sai ya tsaya kamar gamba, ka matse ɗauri guda ba ka cika ludayi ba. Ya faro daga wajen Saulawa, kafin a ankara ya iso mu.

Uwaisu ya kai maganar wurin manyansa. Da ya dawo, a rumfata ya zauna yana ba mu labari, ransa a ɓace. Ya ce kuɗin bincike daga auduga da gyaɗa yake fitowa, su ake loda wa jirgin ƙasa, su ke kawo wa gwamnati kuɗin waje. In ganyen auduga ɗaya ya yi rawaya, mota guda ake cikawa da masana. Rake kuwa mu ke nomawa, mu sha, mu tofar. Wani ma ya ce masa ai rake abin tsotson yara ne.

"To sai yaya?" in ji Ahmadu.

"Sai in yi da kaina, Yaya Ahmadu. Ranakun hutuna ai nawa ne."

Haka ya riƙa bin ƙauyuka da keke yana roƙon gaɓoɓin rake, daga Hunƙuyi har gaban Ikara, har bayan gidajen tsofaffi inda ake dasa kara biyu don jikoki. Ya kawo ya jera su layi-layi a kusurwar fadamar yayansa, ya shafa wa kowane baƙin garin nan da gangan. Muka ce boko ya taɓa yaron nan, mutane na gudun ciwo shi yana raba shi da hannu. Duk suka kamu, sai layi ɗaya. Wani jan rake ne mai gajerun gaɓoɓi, ya tsaya a tsakiyar marasa lafiya yana ƙyalli kamar ango a gidan makoki.

Wata damina ya sake gwadawa, jan raken ya sake tsayawa. Daidai lokacin aka samu mulkin kai, ana ta kwasar 'yan boko ana turawa ƙasashen waje ƙaro karatu, sunan Uwaisu ya fito. Ranar da zai tafi, ya sari 'yan gaɓoɓi ya naɗe a cikin jiƙaƙƙen buhu ya sa a akwati. Ina tsaye, Ahmadu na tsaye, ya ce wa yayansa:

"Yaya, ga amanar wannan. Gwajin bai ƙare ba. Kada ka sayar, kada ka ba kowa, kada ka haɗa shi da wani. In akwai wata cuta a ɓoye a jikinsa, mun kashe mutane ke nan. Sai na dawo."

Maiwada ya daɗe yana kallon raken, sa'an nan ya ce, "Na karɓa."

Kalma biyu. Da na san abin da za su jawo, da na yi tari a lokacin don kada a ji su.

Damina ta farko ba wanda ya damu. Maiwada ya yi wa kusurwar shinge da ƙaya, shingen da ko ɓera sai ya nemi izini. Da raken ya nuna, ya sare, ya zaɓi na dasawa ya dasa. Saura fa? Ba a ce ya sayar ba, ba a ce ya bayar ba. Bilki ta ce to a matse. Ya ce in an matse ai sayarwa za a yi. Ta ce to yara su sha. Ya ce yara suna yar da guntu, guntu yana da ido, wani zai tsinta. Ya tara shi a gefe ya bushe, ya sa masa wuta. Ƙamshin ya kai har Gubuci. Bilki ta tsaya da hannu a ƙugu tana cewa, "Mun ga masu noma don ci, mun ga masu noma don sayarwa. Mu gidanmu don wuta ta sha zaƙi muke yi." Shi kansa ko gaɓa ɗaya bai taɓa kaiwa bakinsa ba. Ya ce ba nasa ba ne.

Baƙar bulala kuwa ba ta tsaya jiran Uwaisu ba. Ta cinye fadamun ƙauyen, har da sauran raken Maiwada kansa. Injinan suka yi shiru. Dokin Maiwada ya koma zagaya turkensa shi kaɗai don kada ya manta sana'a. Ni da nake jera mazarƙwaila har ta rufe mini fuska, na koma jera dunƙule kaɗan nesa-nesa da juna don tabarma ta yi kamar ta cika. Kuma duk wanda ya bi ta bakin fadama yana hangen jan raken nan ta saman shinge, ya yi kore shar, ganyensa na kaɗawa kamar yana yi mana gwalo.

Mutane suka fara zuwa. Dattawa suka je, ya ce amana ce. Aka je wurin liman. Liman mutumin kirki ne. Ya ce hana iri ba halinmu ba ne, taɓa amana kuma ba halin Musulmi ba ne, mafita ita ce a tambayi mai abu. Ai kuwa saƙon Uwaisu yana zuwa jefi-jefi, gaisuwa da ɗan bargo, wata shekara har da agogo. Aka ce wa Maiwada ka sa a tambaye shi mana. Ya ce, "In tambayi mai ajiya yaushe zai karɓi ajiyarsa? Sai ya ce na gaji da ita." Kun ji fa. Gari na mutuwa, shi kunyar ƙanensa yake ji.

Ahmadu ne bai je ba sai daga ƙarshe. Yana ganin shi ba sai ya roƙa ba. Da ya ga lokacin dashe ya zo zai wuce, ya taka kunyar da ta raba su ya tsaya a bakin shinge. Wannan ina wurin, na je neman abin sayarwa ban samu ba.

"Dogo," haka yake kiransa, "sare mini gaɓa kaɗan. Ba ɗauri ba. Abin da zai shiga aljihu."

Maiwada ya sunkuyar da kai.

"Kai, da kai nake. Ni ne fa, ba baƙo ba. Kana so in yi maka sallama ne irin ta mabarata?"

"Kana wurin, Ahmadu. Ka ji abin da Auta ya ce."

"Na ji! Na kuma ji ya ce zai dawo. Ina yake? Yana can yana cin burodi da cokali. Iyalina dusa suka kusa fara ci. In cuta ce a ɓoye, ta kashe fadamata, na yafe. Me ya rage a cikinta da za ta kashe?"

"Ɗauki dawa a rumbuna. Ɗauki dokin ma."

"Dawarka na tambaye ka? Iri na ce! Iri, Maiwada! Abin da ka ba mutumin Saulawa da ya zagi uwarka!"

Mutumin da kullum yake amsa tambaya a madadin Maiwada shi ne yau yake tambayarsa, ba mai amsawa. Ahmadu ya jira, ya jira, sa'an nan ya ce, "To Allah ya bar ka da rakenka," ya juya.

Kafin kaka ya sayar da injinsa da fadamar, ya kwashe iyali sai Kaduna, inda aka buɗe masaƙa ana ɗibar leburori. Bai yi wa Maiwada sallama ba. Ranar da motar ta tashi, Maiwada yana cikin shinge yana cire ciyawa a wurin da ba ciyawa. Bayan Ahmadu wasu suka bi. Waɗanda suka tsaya suka mayar da fadamunsu albasa da barkono. Aka daina gayyatar Maiwada suna, in ya zo majalisa sai hira ta koma maganar ruwan sama. Ya ƙara tsawo don rama, har na fara tsoron wata rana iska za ta kai shi Kudan. Amma duk shekara zai sare, ya dasa, ya ƙone saura.

Shekaru suka shuɗe, har sojoji suka karɓi mulki. Rannan da hantsi sai ga wata ƙaramar mota ta shigo ƙauye, kaji na gudu, tsofaffi na salati. Uwaisu ne. Ya yi ƙiba, ya yi tabarau, ga sanƙo ya fara leƙowa. Bilki ta fito da gudu ba mayafi.

"Likitan ciyawa! Wa ya cinye maka gashi?"

Ya yi dariya, amma bai rama ba. Nan na san akwai magana.

Maiwada bai bari ya sha ruwa ba. Ya shiga ɗaki ya sako rigarsa ta Salla, ya kama hannun ƙanensa kamar yaro, suka nufi fadama, duk ƙauyen na biye. Ni ina gaba-gaba, kun san hali. Ya janye ƙayar bakin shinge ya ce, "Ga ajiyarka, Auta. Ba wanda ya taɓa."

Uwaisu ya cire tabarau. Ya dubi raken, ya dubi fadamun da ke kewaye, albasa ko'ina, ya dubi baƙin tabon da ke gefe inda ake ƙonawa.

"Yaya, ina raken mutane?"

Ya juyo ya dubi Maiwada.

"Ba ka raba ba?"

"Ka ce kada in ba kowa."

Uwaisu ya zauna a ƙasa, da wandonsa mai tsada, cikin laka. Ya ce gaɓoɓin da ya tafi da su an gwada su can, tun shekara ta biyu aka tabbatar ba wata cuta a jikinsu. Ya ce wani kamfanin sukari ya karɓa ya haɗa da nasa iri, yanzu a wata ƙasa da ke tsakiyar teku jikokin raken nan ne ake nomawa, gona tun daga nan har inda ido ya tsaya. Lamba suka sa masa, ko suna ba shi da shi.

"Na san halinka, Yaya," in ji shi. "Kai da ba ka iya hana maƙiyi. Wallahi na ɗauka damina ɗaya ba za ta wuce ba ka rabar. Ina can ina cewa ai yanzu ya kai Hunƙuyi. Maganar da na yi maka, haka muke faɗa wa duk wanda muka bar wa gwaji. Ban taɓa zaton..."

Bai ƙarasa ba. Bilki ta ɗora hannu a ka ta koma gida, ba ta ce komai ba, kuma wannan shi ne karo na farko a tarihin ƙasar Zazzau.

Maiwada ya ce, "To ai ka dawo. Sai ka raba da hannunka."

Sai ga sauran maganar. Ashe ya daɗe da dawowa, yana Kaduna yana hawa bene yana sauka. Ko'ina ya je ana murna, ga ɗan Arewa da babban digiri. Aka ba shi ofis da fanka, da gida, da masinja, aikinsa sa hannu a kan takardun hutun ma'aikata. Ya ce shi ɗakin gwaji yake so da 'yar gona da mutum biyu. Aka ce masa ba a ware wa rake ko sisi ba, ya yi haƙuri har baɗi. Baɗi ta zo aka ce baɗi. Kamfanin can kuwa suna ta aiko masa, ɗakin gwaji guda sun ce nasa ne. Ya riga ya amsa musu. Sallama ya zo yi.

Na zaci Maiwada zai yi faɗa, ko sau ɗaya a rayuwarsa. Sai ya ce, "Can suna da mazarƙwaila?" Uwaisu ya ce a'a. Ya ce, "Da ina da ita da na ba ka guzuri."

Kwana biyu ya yi ya tafi. Motar na fita, Maiwada ya ɗauki adda ya rushe shingen, ya sare raken kaf, ya ɗaura wa doki. Gida-gida ya bi yana sallama, har Gubuci, har Saulawa. Mutane suka karɓa, don ba a mayar da hannun kyauta. Amma wa zai tuge albasar da ta kusa nuna? Injinan an sayar, kaskon dahuwa ya zama kwatarniyar ba awaki ruwa. Mutum biyu ko uku ne suka dasa. Saura yara aka miƙa wa, ranar ƙauyen nan duk inda ka taka ɓawon rake ne.

Ya ware ɗauri ɗaya, mafi kauri, ya ce mini zai je Kaduna. Na ce zan raka shi, don mutumin da ba ya magana in ya ɓace a birni ko cigiya ba zai iya ba. Ban da haka ma ban taɓa ganin Kaduna ba.

Muka sami ƙofar masaƙar lokacin hutun cin abinci. Mutane na fitowa kamar an fasa gidan tururuwa. Can sai ga Ahmadu, cikin gajeren wando, auduga ta manne masa a gemu. Ya gaishe ni da ƙarfi, don ƙarar injin ta fara taɓa masa kunne. Sa'an nan ya dubi Maiwada da ɗaurin rake a kafaɗa.

"Dogo."

"Auta ya zo. Ya ce a raba. Ya ce tun tuni ma..." Maiwada ya sauke ɗaurin a gabansa. "Ga irinka."

Ahmadu ya yi 'yar dariya. "A ina zan dasa? Ɗaki ɗaya nake haya. Tsakar gidan siminti ne."

"Ka dawo. Ka ɗauki rabin fadamata."

"Yara sun shiga makaranta. Ƙarshen wata ana ba ni abina, ko an yi ruwa ko ba a yi ba." Ya tsuguna ya zaro kara ɗaya, ya juya shi, ya danna idon da farce kamar yadda manomi ke yi. "Iri mai kyau. Ara mini wuƙa."

Ya fere gaɓa ɗaya ya tauna, ruwan na bin gemunsa. Ya fere ta biyu ya miƙa wa Maiwada.

"Ka taɓa sha?"

Maiwada ya girgiza kai.

"Shekara da shekaru? Kai dai Allah ya shirye ka. Karɓi."

Ya karɓa ya sa a baki. Yana taunawa hawaye na zuba, ni kuma na juya ina karanta allon ƙofa, ni da ban iya karatu ba. Sai jiniya ta yi kuka. Ahmadu ya tofar da tuƙar, ya goge hannu a wando, ya ce wa mai gadi ya raba wa leburori sauran in an tashi.

"Ka gaida Bilki," in ji shi, ya bi layi ya shige.

Muka tsaya har aka rufe ƙofar. Maiwada ya tambaye ni ta ina tashar motar Zariya take.